Ƙaramin Malami a Gidan Wasu

Ƙannena maza da mata, yau da ku nake, ku da kuka gama karatun Turanci ko na Hausa a Samaru ko a kwalejin horar da malamai ta nan Zariya, kuka yi hidimar ƙasa, yanzu kuna tsaye gaban allo a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada ko Sabon Gari ko Wusasa, albashin ba ya ganin ashirin ga wata. Na san abin da ke yawo a wayoyinku. Wani abokin karatunku ya samu tafiya ƙasar waje a matsayin mataimakin malamin harshe, ya turo hoto cikin jibgegiyar rigar sanyi, kowa ya rubuta masa ma sha Allah. Ba zan ce kada ku nema ba. Ku nema, Allah ya ba mai rabo sa'a. Abin da nake so mu tattauna shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: safiyar Litinin, da tukunya, da lokacin La'asar, da tambayar da ɗalibi zai jefo maka ka rasa ta cewa.

Mu fara da ƙofofin shiga, don kada dillalai su ci kuɗinku a banza. Duk wanda ya ce ka ba shi kaza ya samo maka koyar da Turanci a duk ƙasar da ka ga dama, to ka dafe aljihunka. Ƙasashe da dama ba sa ɗaukar Turancin ɗan Najeriya a matsayin na ɗan gado, komai ƙwarewarsa. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta masu koyar da hirar Turanci ta fi karkata ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Babu mu a ciki. A ganina wannan ba adalci ba ne, amma ganina ba ya buga hatimi a fasfo. Ƙofofin gaskiya sanannu ne. Akwai shirin gwamnatin tarayya na tura ƙwararru su taimaka wa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, wanda aka kafa a 1987 zamanin Janar Babangida, ana yin shekara biyu, kuma ana tura malamai. Akwai maƙwabciyarmu Nijar, inda Turanci darasi ne a sakandare, mutumin Zariya ya koyar da shi a Maraɗi ko Damagaram da rana, da dare ya ci tuwo irin na gidansu. Sai kuma shirin Fulbright na Amurka, wanda aka kafa a 1946, reshensa na mataimakan malaman harsuna ya soma a 1968. Ta ofishin jakadanci ake nema, ba a biyan ko sisi. Shi ya fi ɗaukar hankalin matasanmu, a kansa zan fi tsayawa.

Ga abin da da yawa ba sa kawowa a ransu sai sun sauka. Don kana malamin Turanci aka zaɓe ka, da Turanci ka yi jarrabawa, da shi aka yi maka tambayoyi. Amma ba Turanci za ka je koyarwa ba, suna da shi har ya yi musu yawa. Hausa suke nema a wurinka.

Sai ka ce faɗuwa ta zo daidai da zama, wa zai koya mini Hausa? Haka za ka yi ta ji har ranar da wata ɗaliba za ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jiya ka ce na sayi rago. Yau ka ce na saye shi. A littafi kuma na ga ragon da na saya. Wanne ne daidai?" Duka daidai ne, kai ma ka sani, tun kana ƙarami kake faɗarsu haka, ba ka taɓa haɗa su ba. To amma me ya sa? In ka ce mata haka muke cewa, za ta rubuta, ta yi maka godiya, daga ranar kuma ta san inda iliminka ya tsaya. Alhali amsar tana nan a rubuce. Tun 1960 F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya kasa aikatau na Hausa rukuni bakwai, kuma aikatau ɗin nan, saya, na rukuni na biyu ne, mai sauya wasalinsa na ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya: suna ne, ko wakilin suna, ko babu komai. An koya muku wannan a jami'a, kun haddace don jarrabawa, kun zubar a bakin ƙofa. Ku koma ku tsince shi. Babban littafin nahawun Hausa na Paul Newman, wanda ya fito a 2000, yana da nauyi a hannu da kuma a ka, amma ɗalibanka na can sun san da shi, wasu ma yana kan teburinsu.

Haka karin sauti da tsawon wasali. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su, mu ba mu bukata, baƙo kuwa ba ya iya taka ko'ina sai da su. Ka iya ɗora alamomin nan a kan kalma ba tare da ka yi ta maimaita ta a baki kana kokwanto ba? Ka iya nuna wa wanda bai taɓa furta ƙ ko ɗ ko ɓ ba inda zai ajiye harshensa da yadda zai riƙe numfashi? Ka gwada yau a kan wani ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, za ka gane iya magana daban, iya koyar da ita daban.

Mu Zazzagawa kuma da namu ƙarin kayan. A bakinmu mota ne, rigan Audu, ba ruwanmu da raba namiji da mace a kalma. Littattafan da ake koyarwa da su a waje kuwa a kan daidaitacciyar Hausa aka gina su, wadda ta fi jingina da Kananci: mota ce, rigar Audu. Kanawa sun daɗe suna tsokanarmu da wannan, mu ma muna da abin ramuwa, ba nan ne wurin baje shi ba. A aji dai ka tsare bakinka, ka koyar da daidaitacciyar, kada ka rikita yaran mutane. Sannan ka ware rana guda ka nuna musu yadda ake faɗa a Zazzau da Katsina da Sakkwato, kanka a ɗage. Garin da aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda Abubakar Imam da Rupert East suka zauna suka yi wa rubutun boko hidima, ba shi da abin sunkuyar da kai in ana maganar Hausa.

Ba nahawu kaɗai za a tambaye ka ba. Za a tambaye ka Sarauniya Amina, don sunanta suka fi cin karo da shi a intanet, kuma za su so su ji wanne ne tarihi, wanne ne labarin baka. Kai da ka tashi kana hangen Dutsen Kufena safe da yamma, ka taɓa hawansa? Ka san masana tarihi na lissafa Kufena da Turunku cikin tsofaffin mazaunan da Zazzau ta taso daga gare su? In aka ce ka jera ƙofofin birni, bayan Ƙofar Doka da Kuyambana da Gayan da Kona, ina za ka kai? Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19, masu nazarin gine-gine na duniya sun yi rubutu a kansa. Kai me za ka ce? Shawarata, watannin da za ka yi kana jiran biza kada ka ƙarar da su wajen ɗinkin sababbin kaya. Ka zauna da kakarka ta yi maka tatsuniya, ka nemi izininta ka naɗi muryarta. Ka shiga birni ka ɗauki hoton masu ɗinkin babbar riga suna zaune a zaure da allura, da masu fura, da yadda ake cinikin tumatir, tun daga "nawa" har zuwa "albarka" da "sallama". Waɗannan su ne kayan aikinka, kuma babu kantin da zai sayar maka da su a can.

Sai matsayinka. Mataimaki aka ce, kuma mataimakin ne. Ko da kai ne shugaban sashen Turanci a makarantarku, can akwai farfesan da ke kanka, shi zai duba tsarin darasinka. Aikin ba ya wuce awa 20 a mako, kuma dole ka ɗauki darussa biyu kowane zango a matsayin ɗalibi. Wato da safe kai ne gaban allo, da rana kana kan benci, wataƙila kusa da wanda ka ba maki ɗazu. Ajin Hausa ƙarami ne, wani lokaci yatsun hannu ɗaya sun ƙirga su, saboda haka babu inda za ka ɓuya. Ranar da ba ka shirya ba kowa zai gani. Za su kira ka da sunanka tsirara, ba raini ba ne, haka suke kiran farfesoshinsu da dama. In abin na sosa maka rai, ka mai da shi darasin farko: a Hausa ana cewa Malam, ana cewa Malama, ana gaisuwa kafin a shiga magana. Za su karɓa da murna. Amma tsawa, da gori, da karanta makin ɗalibi a gaban 'yan'uwansa, waɗannan ka bar su a filin jirgi. Makin ɗalibi sirrinsa ne, doka ta kare shi. In ɗalibi ya zo ofis, musamman in ba jinsinku ɗaya ba, ƙofa a buɗe. Ƙarfe tara kuwa ƙarfe tara ne.

Yanzu mu shiga ɗaki, don a nan ne shekarar take ci ko ta faɗi. Ƙanena, in ba ka iya girki ba, tun yau ka je wurin Inna ka durƙusa. Na san za a yi maka dariya a tsakar gida, ka jure. Ka koyi tuƙa tuwo da garin shinkafa ko na semo, ka koyi kaɗa miyar kuka ba gudaji, ka koyi dafa-duka. Abincin kanti yana cin kuɗi, kuma bayan mako uku ranka zai ƙi shi. Ka tafi da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, a ƙulle da kyau, ka rubuta sunan kowanne, kuma ka bayyana wa jami'an kwastan cewa kana ɗauke da abinci. Kilishi da dambun nama kuwa ka cinye su a gida, ba a shiga Amurka da nama irin wannan, ɓoyewa kuma na jawo tara. Ka sani akwai ƙararrawar hayaƙi manne a rufin ɗakin girki. Ranar da ka bar manja ya yi zafi har ya soma hayaƙi, za ta ɗauki kururuwa, a wasu gidajen ɗalibai har sai kowa ya fito waje, wani da rigar barci, ana jiran 'yan kwana-kwana. Ka rage wuta, ka buɗe taga. Daddawa ma ka yi wa abokan zamanka bayani tun kafin ƙamshinta ya riga ka, sannan ka zuba musu su ɗanɗana. Nama kuma ka tambayi inda ake sayar da na halal. Yawanci kantin Larabawa ko 'yan Pakistan ko Somaliyawa ne, wani lokaci sai ka shiga bas.

Sanyi kuwa, kada ka auna shi da hunturun Zariya, duk da namu ma ba wasa ba ne. A jihohin arewacin Amurka irin Wiskonsin, inda Neil Skinner, wanda ya yi aikin ɗab'i a nan Zariya, ya shafe shekaru yana koyar da Hausa a Madison, ruwan tafki kan daskare har mutane su yi tafiya a kai. Amma ba sanyin ne ya fi karya mutum ba, duhun ne. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar. Azahar na shiga wajen sha biyu. Ƙarfe biyun da ka saba jin kiran Azahar a unguwarku, can La'asar ce ke bakin ƙofa. Kafin ka juya Magariba ta yi. Salloli uku cikin lokacin aiki, babu ladan, babu mai tuna maka. Ka sa manhajar lokutan salla a waya, ka nemi ɗakin da aka ware don ibada, ka koyi yin alwala ba tare da ka jiƙa musu ƙasan banɗaki ba, don abin na ba su haushi ƙwarai. Juma'a ranar aiki ce. Tun ana tsara jadawali ka gaya wa farfesanka kana bukatar wannan awar, yawanci ba sa ƙi in an faɗa da wuri. 'Yan'uwanmu na Wusasa masu zuwa coci, su ma su nemi tasu majami'ar tun makon farko.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kaɗaici. Mu mutanen zaure ne da majalisa. A birni ba ka isa ka yi taku ashirin ba a gaishe ka ba, an tambayi Baba, an tambayi jiki. Can sai ka kwana biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarka. Maƙwabci zai yi maka murmushi ya wuce, iyakarta ke nan. A nan ne waya ke zama tarko. Najeriya na gaban Madison da awa bakwai lokacin sanyi, saboda haka sanda ya kamata ka kwanta, gida na tashi sallar Asuba, sai ka raba dare kana hira da Zariya, da safe ka shiga aji ido jajur. Wanda ya yi haka jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Ka sa wa kiran gida lokaci, ka tsaya a kai. In aka gayyace ka cin abinci, musamman bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, ka je, ka faɗi tun farko ba ka cin naman alade ba ka shan giya, ba wanda zai ji haushi. In kuma ka ga barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, kuka na zuwa ba dalili, jami'o'in suna da ofishin masu ba da shawara. Zuwa wurinsu ba raunin imani ba ne.

Ƙannena mata, shirin ba ya yarda a tafi da miji ko 'ya'ya. Wannan magana a gama ta a gida kafin a cika takarda, da miji, da iyaye, da wadda za ta riƙe yara, kada sai biza ta fito a soma taron dangi.

Kuɗi ba zan daɗe a kansu ba. Alawus ne, ba albashi ba. In ka juya shi zuwa naira sai ka ga dukiya, in ka biya haya da abinci da rigar sanyi sai ka ga ruwa ne a kwando. Bizar ba ta ba ka damar yin wani aiki a gefe ba. Ka faɗa wa gida gaskiyar abin da kake samu tun wata na farko, kafin a soma lissafin rufin kwano da kuɗin makarantar ƙanne da sunanka.

Akwai labarai biyu da nake so ku riƙe. A shekarun 1960 mu ne masu masauki. Makarantu irin su Barewa da St Paul's ta Wusasa, wadda yau ake kira Kwalejin Kufena, sun ga malamai baƙi iri-iri. A Oktoban 1961 wata matashiya 'yar Amurka mai suna Margery Michelmore, cikin rukunin farko na 'yan sa-kai na Peace Corps da aka kawo Najeriya, ta rubuta wa wani abokinta katin gidan waya tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai a Ibadan, aka kwafe shi aka rarraba, aka yi zanga-zanga, ƙarshe sai barin ƙasar ta yi. Kati ɗaya ke nan, a zamanin da babu Facebook. Za ka ga abubuwa a can da za su ba ka mamaki, wasu su ba ka ƙyama: tsofaffi su kaɗai a gida, masu kwana a titi a ƙasar da ake ce wa mai arziki. Ka rubuta, amma a littafinka, ka bar shi ya kwana. Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 sai da ya dawo ya natsu sannan ya fitar da littafin tafiyarsa.

Na biyu Dorugu ne, yaro daga ƙasar Damagaram, wanda ya bi Baturen matafiyi Heinrich Barth har Ingila a 1855. Za a iya cewa shi ne kakan duk masu wannan aiki. Ya zauna da wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, yana ba shi labarai da kalmomi, daga ciki aka sami nahawu da ƙamus da littafin Magana Hausa na 1885. Sunan da ke bangon littattafan na Schön ne. Dorugu ya dawo, ya ƙare rayuwarsa a Kano, ya rasu a 1912. Kai ma za a zo maka: wannan na so ka naɗa masa murya, wancan na so ka fassara masa hirarrakin bincikensa, wani na so ka duba masa jimloli dubu don kwamfuta. Taimako abu ne mai kyau, amma ka tambaya cikin ladabi: me za a yi da shi, za a sa sunana, kuma ƙa'idar bizata ta yarda? Darussan da ka tsara da hannunka kuwa ka adana kwafinsu.

Shirin wata tara ne ko goma, sai a ce ka tattara. Bizar na ɗauke da sharaɗin komawa gida ka yi shekara biyu kafin ka cancanci bizar aiki ko ta zama. Za ka sami masu ba ka shawarar ka maƙale. Wanda ya maƙale ya zama mai ɓuya, kuma ya ƙuntata wa ƙannensa da za su nema a baya. Dokokin biza na sauyawa, saboda haka ka karanta na shekarar da kake nema da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya ce an yi a lokacinsa. Kafin ka tafi kuma, in kana aikin gwamnati ko na wata makaranta, ka karɓi izinin tafiya a rubuce, da sa hannu da hatimi da kwanan wata, ka ajiye kwafi a gida, ka tafi da ɗaya. Alkawarin baki na shugaban makaranta ba ya tsayawa in an yi masa canjin wurin aiki kafin ka dawo. Ka nemi takardar shaida daga farfesan da ya kula da kai tun kana can, lokacin da yake tuna fuskarka, don da ita ake neman gurbin digiri na biyu ko na uku daga baya. Ajin da za ka tarar a gida yara tamanin ne, ba majigi, wuta sai an ga dama. Abin da zai yi aiki a cikinsa daga duk abin da ka gani shi ne sa ɗalibi ya buɗe baki ya yi magana da harshen da ake koya masa: ka raba su biyu-biyu, ɗaya mai kanti ɗaya mai saye, ka ba su minti biyar, kai kuma ka zagaya kana saurare.